Ɗan Gwanjo Ba Ɓarawo Ba Ne

'Yan'uwa mazauna Sabo, duk ranar da aka fasa shago a Ibadan, rumfunan 'yan gwanjo da 'yan gwangwan ake fara dosa, a kwashi yaranmu kamar kaji. Wannan zalunci ne. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta ware ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa.

To amma mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya: wake ɗaya ke ɓata gari. Dokar laifuka ta Kudu, sashe na 427, ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14 ga wanda ya karɓi kayan sata da saninsa. Don haka kowane dillali ya ajiye littafi, ya rubuta sunan mai sayarwa da lambar wayarsa, ya nemi rasit. Wanda ya kawo janareto cikin dare a rabin kuɗi, kada a saya, a sanar da Sarkin Hausawa da ofishin 'yan sanda.

Su kuma 'yan sanda su riƙa ba shugabannin kasuwarmu jerin kayan da aka sace, su daina kamen kan mai uwa da wabi, su tuna beli kyauta ne. Za mu taimaka musu su kama ɓarawo, amma ba za mu yarda a mai da sana'armu laifi ba.