Ba a yanke musu hukunci ba, amma sun fara cin kaso



Akwai wata magana da ta zame mana jiki: in an ce wane yana kaso, sai mu ce "ai da abin da ya yi". To ina so in tambaye mu, wa ya ce ya yi? A gidajen kason Nijar fiye da rabin waɗanda ke ciki ba a kai ga yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Alƙali ya sa hannu a takarda, an kai su ajiya kafin a gama bincike. A gaban doka har yanzu babu laifi a kansu. Amma je ka dubi inda suke kwana, ka gaya mini bambancinsu da wanda aka yanke wa shekara goma.

Ɗan maƙwabciyata ne ya sa nake wannan rubutu. Rigima ce kan wayar salula da ta ɓata a tasha, aka kama yara uku, shi ne na ukun. Daga komisariya aka wuce da shi wani gidan kaso na yankinmu. Uwarsa mai sayar da ƙosai ce. Kullum sai ta ɗauki kwanon tuwo ta hau kabu-kabu, domin abin da ake ba su a ciki ba ya riƙe mutum. Ranar da na raka ta, yaron ya ce mana a kaikaice suke kwana, in ɗaya zai juya sai na kusa da shi ya juya, kuma wurin da ke kusa da ƙofa, inda iska ke ɗan shigowa, sai mai kuɗi ke samunsa. Ƙuraje sun fito masa har wuya. A watan Afrilu ne fa, kun san yadda zafin Afrilu yake ko a tsakar gida, balle ɗaki mai rufin kwano da mutum cunkushe.

Kada wani ya ce babu doka. Doka tana nan, ba ɗaya ba. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya kan ƴancin ɗan Adam na zaman jama'a da siyasa tun 1986, kuma yarjejeniyar ta ce a raba mai jiran shari'a da wanda aka riga aka yanke wa hukunci, ta kuma ce tsare mai jiran shari'a kada ya zama shi ne abin da aka saba. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idodin da ake kira na Nelson Mandela. A cikinsu mai jiran shari'a yana da damar sa tufafinsa na gida, a kawo masa abinci daga waje in ya so, likitansa ya zo ya duba shi, ba a tilasta masa aiki, a sanar da shi dalilin tsare shi, in ba shi da halin ɗaukar lauya a ba shi kyauta. Ruwan sha a duk lokacin da ya buƙata, da aƙalla awa ɗaya a sarari kowace rana, waɗannan na kowane ɗan kaso ne. Mu ma a gida an yi dokar tsarin gidajen kaso a 2017.

Ku lura da batun abincin nan. Ƙa'ida ta ce a bar shi ya samu na waje in ya so. Ba ta ce hukuma ta sauke nauyin ciyar da shi ta ɗora wa uwarsa ba. Wanda aka kamo daga ƙauye mai nisa, ba shi da kowa a gari, wa zai kawo masa kwano?

Na san abin da za a ce: babu kuɗi, ƙasa na fama da matsalar tsaro, gine-ginen tsofaffi ne, na Yamai ma tun zamanin Turawa yake. Na yarda. Amma akwai abin da ba ya cin ko dala. Buɗe dosiye a duba wa ya wuce wa'adin da doka ta yanke, wannan ba siminti yake so ba. Sakin talala ga wanda ake tuhuma da ƙaramin laifi, yana da gida, yana da mai unguwa da zai tsaya masa, shi ma ba siminti yake so ba. Duk mutum ɗaya da aka mayar gida ya jira ranar shari'arsa, an rage wa baitulmali bakin ciyarwa, an ƙara wa na ciki wurin shimfiɗa. Kuma in ana maganar tsaro, haɗa yaro mai shekara ashirin da manyan ƴan fashi wata da watanni a ɗaki guda, me ake koya masa?

Sai batun lauya. Yawancin lauyoyinmu a Yamai suke. Akwai hukumar ANAJJ da aka kafa don ta taimaka wa marasa hali a gaban shari'a, amma mutum nawa a cikin masu karanta wannan suka san ƙofar ofishinta? Maƙwabciyata ba ta taɓa jin sunanta ba sai da na faɗa mata. Masu gidajen rediyonmu, ku da kuke da awa guda ta gaishe-gaishe kowane dare, ku ware minti goma ku bayyana wa jama'a wannan da Hausa.

Ga waɗanda nasu ke ciki: ku nemi lambar dosiye, ku san wane alƙali ke riƙe da shi, ku rubuta ranar da aka kai shi kaso ku adana, ku shigar da takardar neman sakin talala, in an ƙi ku sake shigarwa. Dosiyen da ba a zuwa tambayarsa shi ke kwana a ƙasan tari.

Yaron maƙwabciyata an sake shi bayan wata bakwai, aka ce babu hujja a kansa. Mai garejin da yake koyon aiki a wurinsa ya riga ya ɗauki wani, kuma a unguwa har yau in ya wuce ana cewa ga wanda ya yi kaso.