Takardar Koke Kan Toshe Hanyar Gudummawar Cika Burin Yara Masu Tsananin Ciwo a Dogon Hutu

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jiha,
Ta hannun Babban Sakataren Ma'aikata.

Daga iyaye da masu jinyar yaran da ke kwance a ɗakin yara na babban asibitin jiha, tare da wasu bayin Allah masu niyyar taimako.



Mun rubuto ne mu kawo kukanmu gabanka kan wata magana da muka bi ta ƙasa har muka gaji. Mu iyaye ne da kakanni da yayyen yaran da ke fama da ciwon daji, da amosanin jini mai tsanani, da ciwon ƙoda, da ciwon zuciya. Akwai mutanen da suka ɗaura niyyar ba da kuɗinsu da lokacinsu don a cika wa yaranmu wani ɗan buri a wannan dogon hutu, amma babu ƙofar da za su shigo ta cikinta. Mun rubuta wa hukumar asibiti, aka ce sai umarni ya zo daga ma'aikata. Muka zo ma'aikata, aka ce magana ce ta asibiti. Ga shi kwanakin hutun sai tafiya suke yi.

Ranka ya daɗe, dalilin da ya sa muka matsa a kan wannan lokaci a fili yake. Ana rufe makarantu wajen ƙarshen watan Yuli, a koma a watan Satumba. A tsakanin nan 'yan'uwan mara lafiya suna tafiya ƙauye wurin kakanni, wasu su shiga koyon sana'a, wasu su wuni a filin ƙwallo, shi kuwa yana kan gado yana jin labari. Lokacin ne kuma hannun masu kyauta ke ja baya. A 'yan shekarun nan azumi da salloli biyu duk suna wucewa kafin a ba da hutun, to a azumi ɗakin yara ba ya rabo da baƙi masu ɗauke da buhuna, amma da damina ta zauna sai ka ji tsit. Manomi ya zuba abin hannunsa a taki, rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, gadaje sun cika da masu zazzaɓin cizon sauro. Ga mai amosanin jini kuwa, sanyin damina da zazzaɓi su ne manyan masu tayar masa da ciwo. Sai dai a wannan hutun ne malaman makaranta da ɗaliban jami'a ke da sarari, kuma su ne suka fi yawa cikin waɗanda suka zo mana da tayin taimako.

Mun san abin da ake faɗa a bayan idonmu, domin an faɗa mana a gaban idonmu: wai wanda bai gama sayen magani ba, me ya haɗa shi da zancen buri? Ba mu raina wannan magana ba. Mu ne muke sayar da akuya da filin gado don allurar kemo, mu ne muke yawon neman mai ba da jini da tsakar dare. Babu wanda zai koya mana darajar magani. Amma a duba mene ne yaran suke roƙo. Wani yaro mai sankarar jini cewa ya yi a kai shi ya ga jirgin sama a ƙasa, domin kullum ta taga yake hango shi kamar tsuntsu. Wani yana son rigar ƙwallo mai sunansa a baya. Wani almajiri da aka kawo daga tsangaya yana son allo mai zayyana, irin wanda ake yi wa masu sauka, ko da yake shi bai kai ga saukar ba. Wata tana son a kai ta wurin kakarta ta wuni. Akwai telan da ya ce zai ɗinka rigar kyauta, akwai mai motar da ya ce zai yi jigila, akwai mai zayyanar da ya ce ladan ya ishe shi. Waɗannan mutane ba su da kuɗin sayen allurar kemo, abin da suke da shi ke nan. Hana su bayarwa bai ƙara ƙwayar magani ko ɗaya a kantin asibiti ba.

Akwai wata yarinya da maganin daji ya zubar mata da gashi gaba ɗaya. Ta daina yarda a cire mata ɗankwali ko da wanka za a yi mata, ta daina magana da kowa sai mahaifiyarta. Da aka lallaɓa aka tambaye ta abin da take so, sai ta ce tunda babu kitso, a yi mata lalle irin na amare. Wata mai ƙunshi a unguwarsu ta ji labari ta haɗo kayanta ta zo, mai gadi ya mayar da ita daga bakin ƙofa saboda ba ta da takarda. Malamar jinyar da ke aiki a ranar ta ce ita ba ta da ikon ba da takarda, likita ya ce ba a taɓa ba shi umarni kan irin wannan ba. Ba mu ga laifin likitan da ya yi taka-tsantsan ba, domin ko lalle sai an duba: akwai yaran da jininsu ba ya jure shi, baƙin lallen kanti kuma yana ƙona fata. Abin da ya dame mu shi ne babu wanda aka ɗora wa alhakin ya duba ya ce e ko a'a. Haka yarinyar ta yi ta tambayar ina mai lallen.

Wannan aiki ba baƙon abu ba ne a duniya. A shekarar 1980, a jihar Arizona ta Amurka, wani yaro ɗan shekara bakwai mai suna Christopher Greicius, wanda ke fama da sankarar jini, ya ce burinsa ya zama ɗan sanda. Ranar 29 ga watan Afrilu jami'an tsaron jihar suka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu, suka naɗa shi ɗan sanda na girmamawa, daga baya aka ɗinka masa kaki daidai jikinsa. Kwanaki kaɗan bayan nan ya rasu. Daga wannan aka kafa gidauniyar Make-A-Wish, wadda yanzu take aiki a ƙasashe kusan hamsin. A Amurka hutun makarantu na tsakiyar shekara lokaci ne na tafiye-tafiye, shi ya sa ake yawaita neman gudummawa a cikinsa, kuma tun 1989 akwai wani masauki a jihar Florida mai suna Give Kids The World da ke saukar da irin waɗannan yara da iyalansu kyauta. Ba muna cewa a kai yaranmu Florida ba ne. Abin ɗauka a wurinsu shi ne tsari: ba a motsawa sai likitan yaro ya tabbatar da cewa jikinsa zai ɗauka, yaron ake tambaya abin da yake so, kuma kuɗi na bi ta asusun da ake bincikawa. Abin lura a labarin na Arizona shi ne ma'aikatan gwamnati ne suka buɗe ƙofa da hannunsu.

Mu ne ma muka fi bukatar irin wannan tsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba. Shi ya sa ta ƙaddamar da shiri a 2018 don a kai kashi 60 kafin 2030. Daga cikin dalilan da ta lissafa akwai zuwa asibiti a makare, da tsadar magani, da yanke jinya a tsakiya. Wannan na ƙarshe mun san shi sarai. Yaro ya gaji da allura da amai, ya yi ta kuka a mayar da shi gida, uwa ta karaya, wata safiya a tarar da gado babu kowa. Mun ga yadda alkawarin wani abu da yaro ke ɗoki yake sa shi miƙa hannu a yi masa allura ba tare da an danne shi ba. Wannan ba ya warkar da daji, amma yana taimakawa a kai ƙarshen jinya. Ta ɓangaren amosanin jini kuwa, hukumar ta ƙiyasta cewa ana haihuwar yara kimanin 150,000 da shi duk shekara a Nijeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Sannan Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara tun 1991, kuma sashe na 31 nata ya tabbatar wa kowane yaro haƙƙin hutu da wasa. Bai ware wanda ke kwance a asibiti ba.

Kukanmu na gaba ya fi ɗaci. Yayin da ake korar tela da mai lalle, ana buɗe ƙofa ga wasu baƙi masu zuwa da jerin motoci da masu ɗaukar hoto. A tashi yaro daga barci, a ɗora masa bokiti da sabulu a cinya, a ɗauke shi da kumburarren ciki ko ido a waje, kafin la'asar hotonsa ya karaɗe Facebook. Ba a nemi izinin uwa ba, balle na yaro. Wani lokaci kayan ma, da baƙi sun juya baya, sai a ce an kai sito, ba a sake jin ɗuriyarsu. Mun gode wa duk wanda ya ba da abu don Allah, amma rashin lafiya bai cire wa yaro mutunci ba. Waɗannan hotuna ne kuma 'yan damfara ke kwasa su manna a jikin mota, su bi kasuwa da tasha da lasifika suna karɓar sadaka da sunan yaran da ba su taɓa gani ba. Sakamakon haka mai niyyar kirki ya shiga ɗari-ɗari. Attajirai da dama sun ce mana a shirye suke, amma a nuna musu asusun da hukuma ta sani. Ba mu da abin nuna musu.

Ɗakin da aka ware don wasan yara a ƙarshen baranda kuma, yanzu karyayyun gadaje da kwalaye ne a ciki, an sa masa kwaɗo.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙon ka ba da umarni a rubuce, kafin hutun nan ya raba, cewa an yarda a karɓi gudummawar cika burin yara masu tsananin ciwo, kuma a ɗora alhakin a kan mutum ɗaya sananne a sashen walwalar majinyata, wanda za a iya zuwa ofishinsa a same shi. Muna roƙon a buɗe asusu na musamman, dabam da na magani, da sa hannun wakilin asibiti da wakilin iyaye da wani dattijo da gari ya yarda da shi, a riƙa ba da rasit, a liƙa lissafin shiga da fita a allon sanarwa duk wata. Idan ka ga dacewar a jawo masu kula da zakka da waƙafi cikin lamarin, muna maraba, malamai su fayyace abin da ya halatta a kashe daga zakka da abin da sai dai sadaka.

Abin da ya fi muhimmanci a wurinmu shi ne takardar fita ta wuni ɗaya. A yanzu duk wanda ya fita da yaro, ko na awa uku ne, ana ɗaukarsa ya sallami kansa, gadonsa kuma ya tafi. Muna so a ba likitan yaro ikon sa hannu a kan fitar, shi zai zaɓi rana. Likitoci sun san cewa garkuwar jiki tana faɗuwa ƙasa sosai wajen mako ɗaya zuwa biyu bayan allurar kemo, don haka ba lokacin shiga taro ba ne. Sun san mai amosanin jini ba a barin ruwan sama ya dake shi, ba a barinsa da ƙishirwa. A haɗa yaro da malamin jinya, a ajiye masa gadonsa har magariba. Wanda jikinsa ba zai ɗauki fita ba, a ba mai zayyana ko mai lalle ko tela katin shiga ya same shi a inda yake. Sai kuma a hana ɗaukar hoton kowane yaro sai da yardar iyayensa a rubuce, ko wane ne baƙon, a kuma kwashe tarkacen da ke ɗakin wasa. Share shi da fenti mun ɗauke wa gwamnati.

Ba mu nemi a ware ko kwabo daga kasafin ma'aikata ba. Sa hannunka muke nema. A cikin yaran da muka fara wannan magana dominsu akwai waɗanda Allah Ya riga Ya karɓi abinsa, kuma likitoci sun gaya wa wasu daga cikinmu gaskiyar halin da nasu ke ciki, ba lallai su ga hutun baɗi ba. Muna roƙon a ba wakilanmu damar ganinka ido da ido a cikin makon nan, ko a aiko mana da amsa a rubuce ta hannun shugabar malaman jinya ta ɗakin yara.





Mu ne,
Iyaye da masu jinyar yara, ɗakin yara na babban asibitin jiha.