Wa Zai Auna Masu Ba Da Dariya?

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe a zukatan ƴan bokon ƙasar Hausa, wato raina duk mai fasahar da sana'arsa ba da dariya ce. Idan aka zauna zancen adabi, sai a jero marubuta waƙoƙi da na ƙagaggun labarai, a kawo Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu, amma da zarar an ambaci ɗan kama ko ɗan wasan barkwanci sai a taɓe baki, a ce ai wannan shirme ne. Alhali mai taɓe bakin nan shi ne ya kwana yana dariya har da ƙwalla a gaban talabijin.

Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, abin da ba a rubuta ba ba ya nazartuwa. Tarihin wasan kwaikwayo a Nijar kaɗai ya isa ya rushe ta. A zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun cika gidajen matasa da wasanni, ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram kuwa ta shiga gidajen jama'a ta akwatin Télé Sahel. Ƴan wasan nan ba takarda suke haddacewa ba. Akan tsara ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, sannan kowa ya ƙera maganarsa a kan dandamali. A haka suka fallasa ma'aikaci mai cin hanci da ɗan kasuwa mai algus, a lokacin da jarida ba ta da bakin magana. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zauna da irin waɗannan ƙungiyoyi har ta fitar da littafi sukutum a 1987. Kafin ita, a 1967, wani Bature mai suna Gidley ya riga ya yi nazarin ƴankamanci. Ɗan ƙasa Chaïbou Dan-Inna ya rubuta littafi a kan Yazi Dogo daga baya, amma shi ma da Faransanci. Da Hausa fa, harshen da aka yi rahar da shi?

A Ingila ba haka ake yi wa mai barkwanci ba. Wasan talabijin na Fawlty Towers, wanda John Cleese da Connie Booth suka rubuta, kashi 12 ne kacal, an nuna su a 1975 da 1979, amma a shekarar 2000 Cibiyar Finafinai ta Biritaniya ta sa shi a gaban dukkan shirye-shiryen talabijin na ƙasar. Kowane watan Agusta masu sharhin manyan jaridu sukan tafi bikin Edinbara su saurari mutum guda yana ba da dariya, su auna zaɓen kalmominsa da yadda yake jan numfashi kafin ya saki magana, su yaba ko su soka. Suka ma girmamawa ce, domin ba a sukar abin da ba a ɗauka da muhimmanci ba.

A tsallaken iyaka kuwa, Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, ya shafe shekaru yana nuna rayuwar bariki da Hausar sojoji a Kaduna, ya rasu a 2023. Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014, bayan an gama laƙaba wa finafinansa sunan camama, har an taɓa ɗaure shi a Kano a 2008. Jama'a ta yi kukan rashinsu, sharhi mai zurfi kuwa ya yi ƙaranci.

Gaskiya ne, cikin barkwancin yau akwai ashar, akwai izgili ga naƙasassu da wasu ƙabilu, akwai aikin gaggawa don neman kuɗi. To amma wa zai raba tsaki da tsakuwa idan masana sun juya baya? Shirun manazarta shi ya bar kasuwa ta zama alƙali.

Saboda haka aikin yana wuyan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na Kona da Tasawa da Mayahi. Ɗan kaman da yake kwaikwayon wa'azi da zancen tuwo da miya a ranar kasuwa ko a wurin biki yana da salo da tsari da habaici da za a iya karantarwa a aji. Wayar hannu ta isa ɗaukar muryarsa, da izininsa. Ɗalibai su rubuta abin da ya faɗa, malami ya ja su su tattauna inda ya burge da inda ya zarce. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, uzuri ya ƙare. Tsofaffin ƴan kama suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya tafi, da littafinsa a baki yake tafiya.