Filato: Yawon Buɗe Ido Daga Kan Titi Yake Farawa

A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato ke haura digiri 40, kwalta na narkewa, fanka na hura iska mai ɗumi, akwai garin da magidanci zai kwana da bargo. Jos tana zaune a kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma daga Kano tafiyar ba ta cinye wuni. Mutum mai mota da hutun kwana huɗu zai iya ɗaukar maiɗakinsa da sassafe, su bi ta Tudun Wada da dajin Falgore su faɗa Saminaka, ko su zaga ta Zariya da Pambeguwa, kafin la'asar suna shaƙar sanyin Jengre. Amma kaɗan ne ke yi. In aka kawo maganar a gida, tambayar farko da uwa ko suruka za ta yi ita ce: hanya lafiya kuwa? Duk wani shiri na farfaɗo da yawon buɗe ido a jihar Filato da bai fara da amsa wannan tambaya ba, ɗiban ruwa ne da kwando.

Dalili kuwa shi ne arzikin Filato a warwatse yake tsakanin garuruwa, sai mai tafiya a ƙasa ke samunsa. Cikin Jos akwai abin gani, ba musu. Gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a 1952 yana riƙe da kawunan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa, kuma a gefensa akwai filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya da jar ƙasa. Akwai gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Sai dai waɗannan duka aikin kwana ɗaya ne. Abin da zai riƙe baƙo har kwana huɗu yana wajen gari: duwatsun Shere da ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, duwatsun Riyom da aka ɗora wani kan wani kamar da hannu, magangarar ruwan Assop a gindin Hawan Kibo, ruwan Kurra inda kamfanin NESCO ya daɗe yana samar da lantarki tun zamanin Turawan kuza, tsaunukan Kerang a ƙasar Mangu, can kuma kudu Dutsen Wase, wanda ya miƙe shi kaɗai a fili har kwasakwasa suka mai da kansa wurin ƙyanƙyasa. Babu ɗaya daga cikinsu da jirgin sama ke sauka. Titi ne ya ɗinke su, kuma titin nan ne mutane ke tsoro.

Tsoron ba na banza ba ne, kuma ɓoye shi ba zai taimaki kowa ba. A ranar 3 ga Satumba 2018 Manjo Janar Idris Alƙali mai ritaya ya ɓace a hanyarsa daga Abuja zuwa Bauchi, daga baya aka ciro motarsa daga wani kududdufin haƙar kuza a yankin Du. A ranar 14 ga Agusta 2021 aka tare motocin matafiya a hanyar Rukuba, mutanen da ke komawa jihar Ondo daga taron addini a Bauchi, aka kashe fiye da ashirin. A watan Yunin 2025 'yan ɗaurin aure daga Zariya suka yi ɓatan hanya a ƙasar Mangu, fiye da goma ba su koma gida ba. Tun rikicin Satumba 2001 kuma, duk lokacin da gari ya hargitse, wanda ba Musulmi ba shi ma yakan faɗa hannun masu tare hanya idan ya ratsa unguwar da ba tasa ba. Matafiyi ba ya cikin rigimar gona ko ta kiwo ko ta sarauta, sau da yawa bai ma san an yi ba. Laifinsa kawai sunansa ko rigarsa. Labari ɗaya irin wannan yana rushe tallar shekara goma, domin ana maimaita shi a kowace tasha da kowane zaure daga Katsina har Yola.

Saboda haka nake ganin kuɗin farko da gwamnatin Filato da ta tarayya za su kashe da sunan yawon buɗe ido, a kan titi ya kamata su faɗa, kafin a taɓa fentin wani otal. Abu na farko shi ne hukunci. Wanda ya tare hanya ya kashe baƙo a gurfanar da shi, a yanke masa hukunci a bainar jama'a, a ji sunansa a rediyo, ko ɗan wane ne, ko wane ɗakin ibada yake shiga. Dagaci ko mai unguwar da aka zubar da jinin matafiyi a ƙasarsa ya san zai amsa tambaya. Sannan gyaran titin kansa, musamman gangaren Hawan Kibo mai lanƙwasa da ya daɗe yana cin manyan motoci, da hanyar Saminaka wadda ramukanta ke tilasta wa direba rage gudu daidai inda bai so. Alluna ma abin dubawa ne, tunda mutanen Zariya ɓatan kai ne ya kai su inda aka tare su. Allo mai nuna hanya a kowace mararraba, da Hausa da Turanci, bai kai kuɗin bikin buɗe taro ɗaya ba.

Ƙasar Ailan ta nuna yadda ake yi. A 2014 ta ɗauki tsofaffin titunan da ke bin gaɓar tekunta ta yamma, tsawon kimanin kilomita 2,500, ta ba su suna ɗaya, Wild Atlantic Way, ta kafa alluna da wuraren tsayawa a kalli teku. Titunan da ma suna nan, ƙauyukan masunta ma suna nan, abin da aka ƙara shi ne tabbacin cewa miji da mata za su hau mota su bi hanyar daga farko har ƙarshe ba tare da fargaba ko ɓata ba. Filato ba ta da teku, amma tana da zagayen da ya isa kwana uku: daga Jos a bi ta Bukuru da Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta cika ƙarni a wuri ɗaya, a gangara Riyom da Assop, a dawo ta Barikin Ladi zuwa Mangu da Pankshin, mai ƙarfin hali ya ƙarasa Wase.

Za a ce wannan zancen masu ƙoshi ne, kuma yawo don kallon dutse ba al'adarmu ba ce. Ban yarda ba. Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, fataucin goro ya kai shi Gwanja, neman ilimi ya kai shi gabas, aikin kuza ne ma ya kawo kakannin Hausawan Jos kan tsaunin, har aka shimfiɗa musu ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya yi aiki daga 1914 zuwa 1957. Abin da bai saba ba shi ne ya tafi da matarsa ba don biki ko ta'aziyya ba. Wannan ma yana canzawa, kuma masu hali sun riga sun fara, sai dai Dubai da Alƙahira suke nufa. Malamin makaranta ko ɗan kasuwar Kwari da ba shi da kuɗin biza yana da kuɗin man da zai kai shi Jos ya dawo. Kwana uku a mota, babu yara, babu baƙi, babu kiran shago, sun isa ma'aurata su yi hirar da suka shekara ba su yi ba.

Suka mafi nauyi ita ce: ta yaya za a yi maganar shaƙatawa alhali ana binne mutane? A jajibirin Kirsimetin 2023 an kashe fiye da mutum ɗari a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, kuma ba a daina ba. Wanda ya rasa 'ya'yansa yana da haƙƙin ya ji haushin mai zancen magangarar ruwa. Amma idan aka duba da kyau, cutar guda ce. Rashin hukuncin da ya bar maharan dare suna ƙona ƙauye su tafi, shi ne ya bar matasan gari suna huce haushi a kan motar da ta zo wucewa. Titin da jami'in tsaro zai bi cikin minti ashirin ya ceci matafiyi, shi zai bi ya kai ɗauki ƙauye. Ba a samun ɗaya a bar ɗaya, kuma gwamnatin da ta ce za ta tsare baƙo ta bar mai gida ba za ta iya ko ɗaya ba.

Akwai kuma masu cewa a sauka ta filin jirgin Heipang, a huta da wahala. Wanda ya yi haka otal ɗaya da direba ɗaya kawai suka ci kuɗinsa. Mai mota kuwa tsayawa yake yi. A bakin titin Mangu ko gangaren Hawan Kibo, da ya taka birki mata sun kewaye shi da kwanonin dankalin Turawa mai jar ƙasa a jiki, da kabeji, da karas ɗauri-ɗauri ganyensa bai ko yi yaushi ba, da mudun acca. Matar da ke cikin mota ta sauke gilashi ta taya, mai kaya ta ce albarka, a ja a ja har a daidaita, a ƙara mata gyara. Da Hausa ake wannan ciniki, ko mai sayarwa Birom ce ko Mwaghavul ko Ngas. Matar da abincin 'ya'yanta ke fitowa daga motocin Kano da Bauchi tana da dalilinta na hana ɗanta ɗora dutse a kan kwalta, kuma matar Kano da ta koma gida da buhun dankali tana da labarin Filato da za ta ba maƙwabta wanda babu gawa a cikinsa.

Lambar motocin jihar tana ɗauke da kirarin gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Ma'aunin da za a gwada kirarin da shi mai sauƙi ne, kuma ma'aikatar yawon buɗe ido za ta iya fara ƙirga shi daga hutun damina mai zuwa: motoci nawa masu lambar wata jiha suka tsaya a Assop ranar Asabar, kuma nawa ne a cikinsu ke ɗauke da iyali.