Kuɗin Neman Ƙuri'a da 'Yancin Magana

Akwai wata gardama wadda ta daɗe tana ta da ƙura a ƙasar Amurka, muna kuwa ganin ya kamata masu karatunmu su san tushenta. Gardamar ita ce, shin Gwamnati tana da ikon ta yanka wa mutum iyakar kuɗin da zai kashe wajen neman ƙuri'a, ko kuwa yin haka tauye masa 'yancin magana ne?

Tun shekarar 1791 tsarin mulkin Amurka ya hana Majalisarsu yin dokar da za ta rage wa mutane 'yancin faɗin ra'ayinsu ko na buga jarida. Duk da haka, cikin 1907 aka hana kamfanoni ba da gudummawar kuɗi ga masu takarar muƙaman tarayya. Cikin 1974, bayan abin kunyan nan na Watergate wanda ya sa Shugaba Nixon ya yi murabus, Majalisa ta tsananta doka. Ta ce kada mutum ɗaya ya ba ɗan takara fiye da dala 1,000 a zaɓe guda, ta kuma yanka iyakar abin da shi ɗan takarar zai kashe.

Aka kai ƙara. Cikin 1976, a shari'ar da ake kira ta Buckley, Kotun Ƙoli ta raba maganar gida biyu. Ta ce iyakance gudummawa halal ne, gama kyauta mai yawa tana iya zama toshiyar baki. Amma ta soke iyakar abin da mutum zai kashe da kansa, don a ganinta ba a buga takarda ko a yi magana a rediyo sai da kuɗi, saboda haka wanda aka ɗaure wa aljihu an ɗaure masa baki ke nan.

Sa'an nan cikin 2010 aka yanke shari'ar Citizens United. Wata ƙungiya ce ta shirya fim na sukar Hillary Clinton lokacin takarar 2008, ga kuma dokar 2002 wadda ta hana kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago watsa irin wannan a telebijin in zaɓe ya matso. Alƙalai biyar cikin tara suka ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, huɗu suka ƙi. Daga nan kamfani ko attajiri ya sami damar zuba ko nawa ya ga dama, muddin bai haɗa baki da ɗan takarar ba. A zaɓen 2024 mutum ɗaya tak, watau Elon Musk, ya kashe fiye da dala miliyan 250.

Ba za mu ce alƙalan nan biyar ba su da hujja ba. Masu riƙe da mulki su ne ke rubuta dokar zaɓe, su kuwa an riga an san sunansu ko'ina. Baƙon ɗan takara shi ne ke bukatar kuɗi don a ji shi. In aka matse iyaka ƙwarai, to, an shirya wa mai kujera hanyar dawwama bisa kujerarsa. An ga irin wannan matsi a Ingila, ƙasar da ta fara iyakance kuɗin 'yan takara tun 1883. Can doka ta hana wanda ba ɗan takara ba kashe fiye da fam 5 don goyon bayan wani, har wata mata ta shiga hannun hukuma saboda raba takardu. Cikin 1998 Kotun Turai ta kare hakkin ɗan Adam ta ce wannan iyaka ta yi kusa da hana magana ɗungum, dole aka ɗaga ta.

Amma inda muka rabu da su shi ne cewa da suka yi kuɗin da ba a danƙa wa ɗan takara a hannu ba ba ya ɓata shi. Wanda aka kashe wa miliyoyi ya san wanda ya kashe, ko an gaya masa ko ba a gaya masa ba, kuma in baki ya ci ido sai ya ji kunya. Ban da wannan, kowane malami ya sani in ya ƙyale yaro ɗaya mai ƙarfin murya ya cika aji da surutu, sauran ba a hana su magana ba, amma ba mai jinsu. Kotun Ƙolin Kanada ta lura da haka cikin 2004, ta tabbatar da dokar da ta iyakance abin da ƙungiyoyi za su kashe lokacin zaɓe, don kowa ya sami rabonsa na kunnen jama'a.

Mu a Nijeriya tsarin mulkin 1999 ya ɗauki abin biyu. Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, sashe na 221 kuwa ya hana kowace ƙungiya, in ba jam'iyyar siyasa ba, neman ƙuri'a ko ba da kuɗin takara. Dokar zaɓe ta 2010 ta yanka wa mai neman shugabancin ƙasa naira biliyan 1, ta 2022 ta mai da shi biliyan 5. A shekarar nan ta 2022 wata jam'iyya ta sayar da takardar shiga takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100. Malamin makaranta ko akawu ya lissafa albashinsa ya ga shekara nawa zai yi kafin ya tara wannan.

Ra'ayinmu dai shi ne a bar iyaka, a sa ta daidai yadda baƙon ɗan takara zai iya zaga ƙasa a ji shi. A tilasta wa kowace jam'iyya ta buga sunayen waɗanda suka ba ta kuɗi da adadin abin da suka bayar tun kafin ranar zaɓe, gama bayan an ƙirga ƙuri'a sanin ba ya amfana wa mai jefawa kome. Wanda ya ƙetare iyaka kuma a hukunta shi, ko da jam'iyyarsa ce ke mulki. Muna roƙon malamai su koya wa almajiransu tambayar wanda ya biya kuɗin kowace sanarwar siyasa da suka ji, su kuma riƙa yin tambayar da kansu. Allah ya sa mu gane.