Baƙin Ƙullutu A Ƙwauri

 Zancenmu na makon nan a kan wani ɗan ƙullutu ne mai tauri, wanda ya kan fito a ƙwauri ko a cinya. Girmansa kamar ƙwayar wake, fatar kansa kuwa ta fi ta sauran jiki duhu. Ya fi samun mata a kan maza. Likitoci suna ce masa damatofaiburoma, kuma ba ciwon daji ba ne. In aka matse shi da yatsa biyu, sai tsakiyarsa ta lotsa ciki.

Da yawa cikinmu da sun ga baƙin sai su kama shafa man bilicin, wasu ma har su kai wa wanzami. To, ku tsaya ku ji inda baƙin ya samo asali.

Fatar mutum hawa biyu ce, ta sama da ta ƙasa. Ƙullutun a ta ƙasa ya ke zaune. Daga nan ya ke fitar da waɗansu sinadarai da a ke kira sinadaran girma, watau 'yan aike masu kai wa ƙwayoyin fata umurni su hayayyafa. Da saƙon ya isa sama, sai fatar wurin ta yi kauri, ƙwayoyin da ke ba ta launi su ƙara himma. Kun dai san gona: inda shanu suka kwana, geron wurin ya fi kauri da duhun ganye, asirin kuwa yana cikin ƙasa.

Ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, wani Ba'amurke ne, Sitanli Kohen, ya ware shi a 1962 daga maɓuɓɓugar miyau ta ɓera. Ya ga yana sa jariran ɓeraye su buɗe ido kafin lokacinsu. A 1986 aka ba shi kyautar Nobel tare da wata mace 'yar Italiya, Rita Lebi-Montalcini, wadda ta gano irin na jijiya. 'Yan makaranta, ku riƙe sunanta.

Tun da umurnin daga ƙasa ya ke zuwa, shafe-shafe ba shi kawar da shi, sai dai ya ɓata lafiyayyar fata ta kewaye. Aska kuwa tana iya jawo ƙwayoyin cuta, ko ta bar tabo mai tudu wanda ya fi ƙullutun muni. In bai dame ku ba, ku bar shi.

Amma fa ba kowane baƙin tabo ne mai sauƙi haka ba. In yana girma da sauri, ko yana zub da jini, ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa, ko kuwa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce ya fito, kada ku yi jinkiri, ku tafi asibiti likita ya duba.

Ku karanta wa maƙwabtanku da ba su iya karatu ba. Sai mako mai zuwa.