Ɗan Ci Rani Ba Ya Sayar Da Gonarsa

Jama'a, wata magana ta shiga ƙasar Gwarzo da Kabo, ta zauna da gindinta. Daga Mainika zuwa Getso, daga Lakwaya zuwa Garo, duk inda samari masu takardar digiri suka taru ba su da zance sai na fita waje. Abin da a ke faɗi shi ne wai yaro ya je Ingila ko Kanada ya yi karatun shekara guda, da ya gama a miƙa masa takardar izinin aiki, shi ke nan kakar gidansu ta yanke saƙa. Saboda wannan zance wani uban na shawarar jinginar da gonar gado, wani na shirin kai shanun huɗa kasuwa. To, tun da abin ya kai ga gona da shanu, wajibi ne mu faɗi abin da muka sani, don ba mu ga alamar Gwamnati za ta faɗa ba.

Izinin nan akwai shi, ba ƙarya ba ne. Amma na ɗan lokaci ne, da tsada, kuma masu ƙasa na sake dokarsa duk ran da suka ga dama. Bari mu bi ƙasashen ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji da kunnensa.

Mu fara da Ingila, don ita ce a bakin kowa. A 2012 ta rufe wannan ƙofa ƙirif. A watan Yuli na 2021 ta sake buɗewa, ta ce mai digiri na farko ko na biyu ya zauna ya yi aiki shekara 2, mai digirin digirgir shekara 3. 'Yan Nijeriya suka yi tururuwa. Ba a daɗe ba sai iska ta juya. A Janairun 2024 aka hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da mata da 'ya'ya. A 2025 kuma aka sanar cewa daga 1 ga Janairu 2027 shekara 2 ɗin nan za ta koma wata 18, ban da masu digirin digirgir. Kuma ba kyauta a ke bayarwa ba. A 2025 kuɗin takardar fam 880 ne, ga kuɗin asibiti fam 1,035 a kowace shekara, a biya duka tun farko. Watau kusan fam 3,000 ke nan, wajen naira miliyan 6 a canjin wannan shekarar, bayan kuɗin makaranta da aka riga aka zuba.

In wa'adin ya cika fa? Ba a ƙarawa. Sai dai yaro ya sami kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi ya tsaya masa, da albashin da doka ta yanka. Albashin nan fam 26,200 ne a shekara, a Afrilun 2024 aka ɗaga shi zuwa 38,700, a Yulin 2025 zuwa 41,700. Gaskiya ne a kan yi wa sabon gama karatu rangwame, amma ko da rangwamen ya haura fam 30,000. Wanda bai samu ba sai ya naɗe tabarmarsa. Aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, wanda mutane da yawa suka fake a cikinsa, shi ma an daina ɗauko masa ma'aikata daga waje a Yulin 2025.

Amurka kan ba ɗalibi wata 12 ya yi aiki a fannin da ya karanta, masu kimiyya da injiniya a ƙara musu wata 24. Bayan wannan sai bizar da su ke kira H-1B, wadda kamfanoni ke rububin guda 85,000 a shekara ga duniya duka, har sai an yi ƙuri'a. A Satumbar 2025 Shugaba Trump ya ɗora dala 100,000 a kan kamfanin da zai ɗauko sabon ma'aikaci daga waje da wannan biza. A Disambar 2025 ya sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa da bizar ɗalibai. Kanada kan ba da izini har na shekara 3, amma a 2024 ta ƙayyade yawan ɗaliban da za ta karɓa, ta sa jarrabawar harshe, ta kuma zaɓi fannonin da 'yan kwaleji za su karanta kafin su sami izinin. Jamus kan ba da wata 18 na neman aiki, yawancin jami'o'inta na gwamnati ba su karɓar kuɗin karatu, amma tun 2024 sai ɗalibi ya nuna euro 11,904 a banki na cin abincin shekara, kuma aiki na wuya ga wanda bai iya Jamusanci ba.

Ga kuma wani abu da dillalai ba su faɗi. Yawancin 'ya'yanmu na Kano ba waɗannan ƙasashe su ke zuwa ba. Indiya su ke zuwa, da Uganda, da Masar, da Sudan kafin yaƙin 2023 ya koro su. Bizar ɗalibi ta Indiya ba ta ba shi damar kama aiki ba, bizar aiki kuwa sai ƙwararre mai albashin da doka ta yanka. Saboda haka duk wanda ya ce maka ɗanka zai gama a can ya zarce aiki, ka tambaye shi da wace takarda.

Me muka koya daga wannan lissafi? Ƙofa ce da a ke buɗewa in masu gida na bukatar hannu da kuɗin makaranta, a rufe in zaɓe ya matso mutanensu suka fara gunaguni a kan baƙi. Yaron da ya tashi daga Mainika bisa wata doka, kafin ya gama ya tarar da wata. Ba mu zarge su ba, kowa gidansa ya ke gyarawa. Mu dai mu san cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Wanda mu ke tuhuma shi ne namu mai gida. Tura yara karatu waje abu ne mai kyau, ko wa ya yi shi. Gwamnatin Kano ta fara da ɗalibai 501 a 2012, a 2023 kuma ta sake ɗaukar shirin ɗalibai 1,001 zuwa Indiya da Uganda. Kuɗin talakawa ne aka kashe, har da na manomin da bai taɓa ganin ƙofar jami'a ba. To, ina lissafi? Nawa suka komo, nawa aka ba aikin da suka karanta, nawa ke zaune da takardu a akwati? Mai kuɗin na da haƙƙin ya sani.

Gwamnatin Tarayya kuwa sai dai a ce innalillahi. A Yunin 2023 ta saki naira, dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024. Iyayen da suka yi lissafin kuɗin makaranta suka wayi gari kuɗin ya ninka uku. A Mayun 2024 duniya ta ji yadda Jami'ar Teesside ta Ingila ta sallami wasu 'yan Nijeriya don sun kasa cika kuɗi a kan lokaci. A wannan shekara aka zabge alawus ɗin ɗaliban da Gwamnati da kanta ta tura Rasha da Maroko da Aljeriya da sauransu, daga dala 500 a wata zuwa 220, bayan sun yi watanni ba a biya su ba. A 2025 aka ce an soke shirin. Asusun TETFund shi ma ya daina tura malaman jami'a waje daga Janairun 2025, yana kukan tsada da waɗanda ke zuwa su ƙi komowa.

Ina dalilin da su ke ƙin komowa? Wannan ita ce tambayar da mahukunta ke gudu. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci tsakanin 15,000 da 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara 5. Wane magani aka kawo? A 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai ya kawo doka wai a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara 5. Ashe mai gidan da ya kasa ciyar da iyali ba shi da dabara sai ya sa wa ƙofa kwaɗo? A Yulin 2024 aka yanka mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kafin shekarar ta ƙare buhun shinkafa ya fi haka. Wa zai bar fam ya dawo ga wannan, in ba don uwa da uba ba?

Mu tuna baya kaɗan. A 1946 Malam Aminu Kano ya tafi London karatun koyarwa. Da ya gama ya komo Bauchi ya ci gaba da koyarwa, a 1948 ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, bayan haka ya ba da rayuwarsa ga neman 'yancin talaka. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riga shi zuwa da shekara guda, shi ma ya komo. Kishin ƙasa ya komo da su, lalle, amma kuma kowannensu ya tarar aikinsa na jiransa. Abin kunya ne a ce Bature ɗan mulkin mallaka ya san ya tanadi kujera kafin ya tura mutum, namu da muka zaɓa da hannunmu ba su sani ba.

Kada wani ya ce babu abin yi a gida. Babban asibitin Gwarzo shi ne madogarar ƙauyuka masu yawa, ba zai ƙi ƙarin likita ba. Madatsun ruwa na Guzuguzu da Magaga na nan, su na bukatar masu ilmin noman rani da injiniyoyin ruwa. Babbar makarantar Tarayya da aka kafa a Kabo na bukatar malamai. Aiki na nan jingim. Abin da babu shi ne albashin da zai riƙe mutum, da wuta, da kayan aiki, da ɗauka bisa cancanta ba bisa wa ka sani ba.

Ba mu cikin masu tsine wa wanda ya sami aiki a waje ya zauna. A 2023 kuɗin da 'yan Nijeriya mazauna waje suka aiko gida ya kusa dala biliyan 20, gidaje da yawa da shi su ke ɗora tukunya. Kuma likita ko injiniyan da ya yi shekara 2 yana aiki da kayan zamani ya fi wanda ya komo da takarda kawai. Saboda haka ga abin da jam'iyyarmu ke nema, a fili:

Na ɗaya, a sa ma'aikaci a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma wanda zai gaya wa iyaye da Hausa, kyauta, dokar kowace ƙasa da kuɗinta, a riƙa kuma karantawa a rediyo duk sa'ad da aka sake ta. A yi wa dillalan makarantun waje rajista, wanda ya yi alkawarin ƙarya ya gamu da alƙali.

Na biyu, duk wanda za a tura da kuɗin jama'a a rubuta yarjejeniya da shi tun kafin ya hau jirgi. In ƙasar ta ba shi izini, ya yi aikinsa na shekara 2 ya ƙware, a ajiye masa gurbi da sunansa a asibiti ko makaranta. In ya zaɓi zama can, ya biya abin da aka kashe masa sannu a hankali, a tura ƙanensa da kuɗin.

Na uku, ƙasashen da ke ɗibar likitocinmu da masu jinya su sa hannu wajen horar da waɗanda za su maye gurbinsu. Tun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake lissafa Nijeriya cikin ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya. A Agustan 2024 Gwamnati ta amince da wata manufa a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Mu na so mu gan ta a ɗakin majinyata, ba a takarda ba.

Na huɗu, ɗalibin da Gwamnati ta tura a biya shi haƙƙinsa a kan kari. Wanda aka bari da yunwa a ƙasar mutane ba a yi masa wa'azin kishin ƙasa.

Ku kuma iyaye, dattawanmu na Mainika da kewaye, kafin ku sa hannu a takardar jingina ku yi tambaya huɗu. Ƙasar nan na ba da izinin aiki bayan karatu? Na wata nawa? Nawa ne kuɗinsa? In ya ƙare yaro bai sami wanda zai tsaya masa ba, da me zai komo, kuma ina zai sauka? Wanda ya kasa amsa muku waɗannan kada ku ba shi ko kwabo.

Kakanninmu sun san tafiya. Sun je ci rani Kurmi, sun je Gwanja fataucin goro, wasu sun taka har Makka da ƙafa. Amma ɗan ci rani ba ya sayar da gonarsa kafin ya tashi, don ya san damina za ta faɗi, kuma masaukin baƙo ba gidansa ba ne. Ku bar yara su nemi ilmi ko'ina ya ke, amma ku riƙe gonar. Mu kuma za mu ci gaba da damun mahukunta har su gyara gidan da yaran za su komo. In sun ƙi, ranar ƙuri'a na tafe.

Allah ya ba talaka sa'a, amin.